Kalmar da Faifai Ya Ƙi Saki

Asma'u, ranar da kika dawo daga biki a gidan marigayiya Gwaggonku Hajo a Argungu, kin zauna kusa da ni kina ta juya kofin shayi a hannu, sannan kika tambaye ni ko gaskiya ne na canza maganar kakanku bayan ya faɗe ta. Na ce miki zan yi bayani, sai kuma na tashi na tafi masallaci tun ba a kira salla ba. Ina jin kin ɗauka gudu na yi. Watakila akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato, amma abin da ya fi yawa shi ne ni mutum ne da ba ya iya ba da amsa a tsaye. Sai na zauna na juya magana, na duba bayanta, sannan na sake ta. Shi ya sa na ware wannan babi domin ke da ƙannenki. Amsar a taƙaice ita ce e, na canza kalma ɗaya. Amma ba ni na zaɓi a canza ta ba, kuma ba ni da wata shaida da zan nuna muku sai bakina, domin shaidar an goge ta a gabana, da yardata.

A lokacin jiharmu ba ta daɗe da zama da gindinta ba. Ina aiki a sashen tsare-tsare na wata ma'aikata a Birnin Kebbi, kuma ofishinmu yana cikin waɗanda aka fara kawo wa kwamfuta. Guda ɗaya ce tak, an yi mata riga da yadi saboda ƙura, kowa yana jin tsoronta, ni kuwa na fi kowa. Na yi digiri a fannin tarihi, an koya mini yadda ake riƙe tsohuwar takarda da yadda ake sauraron tsoho ba tare da an sa masa magana a baki ba, amma ba wanda ya koya mini inji. Baba yana Argungu a gidan da kuka sani, ya daɗe da barin noman fadama a Gulma. Yanar ido ta riƙa rufe masa gani sannu a hankali, har ya zama yana gane mutum da takunsa kafin ya gane fuskarsa. Duk ƙarshen mako nakan hau mota na je. A ɗaya daga cikin irin wannan zuwa ne na roƙe shi ya ba ni labarin rayuwarsa in rubuta. Da farko ya ce shi ba sarki ba ne balle a rubuta shi. Daga baya, da ya ga zaman ya yi masa yawa, sai ya zama shi ke tambayar ko na zo da biro.

Mukan zauna a inuwar darbejiyar ƙofar gida, wani lokaci a tsakar gida idan rana ta juya. Yana faɗa ina rubutawa a fallayen takarda, ranar Litinin kuma bayan an tashi aiki in zauna in buga a kwamfuta da yatsa biyu. Ya ba ni labarin mahaifinsa, da irin shinkafar da suke shukawa wadda ke bin ruwa tana tsawo, da shekarar fara, da yadda ya fara ganin Inna tana tallar fura. Sai wata rana muka iso shekarar babban ruwa. Ranar muna tsakar gida, Yaya Hajo tana gefe tana tsintar shinkafa a tire. Baba ya ce gulbi ya cika ya tumbatsa ana gab da yankan shinkafa, ruwa ya shiga fadama har ya kai mutum ƙirji. Shi da ƙanensa Usman suke noma tare, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Da safen da ya kamata su shiga su ceci abin da za su iya ceta, Baffa Usman ya ɗauki matarsa da jaririnsu ya tafi Ambursa wurin surukansa, kuma bai sake dawowa da zama ba. Baba ya shiga ruwa shi kaɗai da lauje, Inna da Yaya Hajo, wadda take yarinya a lokacin, suna karɓar dami suna kaiwa tudu. Ga yadda ya faɗa, kuma ga yadda na rubuta: ƙanena Usman ya gudu ya bar ni cikin ruwa.

Yaya Hajo ta ɗago kai ta ce:

"Rubuta shi da kyau, Sa'idu. Ka danna biro."

Na danna biro. Ni ba a haife ni ba a shekarar, amma na tashi na ga yadda Baba da Baffa suke gaisawa a wurin suna ko jana'iza: hannu ya taɓa hannu, a tambayi gida da gajiya, kowa ya nemi wata tabarmar.

Da rubutun ya yi yawa sai hankalina ya fara tashi, domin kwamfutar ofis ta kowa ce. Abokin aikina Lawal, wani Bakatsine da teburinsa ke kallon nawa, ya ba ni shawara in sayi faifan sidi, irin wanda ake gogewa a sake rubutawa, in zuba komai a ciki. Na saya, ya nuna mini yadda ake yi. Zuba abu a faifai kuwa ƙonawa ake ce masa, haka masu harkar suke faɗa, mu ma muka ɗauka. Ranar Asabar na je gida da faifan a aljihu ina jin daɗi, na ce wa Baba na ƙona maganarsa duka a faifai. Inna tana bakin murhu, ta saki muciya.

"Ka ƙona mi?"

"Maganar Baba, Inna. A faifai."

"Watanni mutum yana zuba maka magana, kai kuma ka sa mata wuta? A faifan wa? Ba dai cikin nawa kad ɗauka ba?"

Inna gwanar saƙar faifai ce, ba ta da ƙwarya ɗaya da ba ta da murfi, kuma ta san adadin kayanta. Na ciro nawa na miƙa mata. Ta juya shi, ta ga fuskarta a ciki, ta shinshina ko za ta ji ƙauri. Baba yana ta dariya har da tari. Daga ƙarshe ta ce wannan abu ko ludayi ba zai rufe ba, amma tun da maganar maigida ce a ciki, ba za a bar shi tsirara ba. Kafin in koma ta ɗinke bakin wasu ƙananan faya-fayai biyu, ta bar kafa, ta zura shi a tsakani. A haka na riƙa ajiye shi a aljihun teburina.

Ban san ko in kira abin da ya biyo baya sa'a ba. Cikin damina gara ta shiga kwalin da na adana fallayen da na rubuta da hannu, a gidan hayar da muke zaune, ta mayar da su ƙasa. Ba a jima ba kwamfutar ofis ta kamu da cuta, aka kira mai gyara ya share duk abin da ke cikinta. Ban taɓa buga rubutun a takarda ba, ina jiran sai mun kammala. Sai ya zama duk abin da Baba ya faɗa mini ba shi a ko'ina a duniya sai a cikin faifan nan. Nakan buɗe aljihun tebur in taɓa shi da safe, in sake taɓawa kafin in tashi.

Bayan kaka jikin Baba ya fara rauni, ƙafafunsa suna kumbura. Wata Asabar ina riƙe da hannunsa muna dawowa daga sallar la'asar, ya tsaya a tsakiyar hanya. Ba kowa kusa da mu.

"Sa'idu, wurin nan da nic ce Usmanu ya gudu, yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Hidda shi. Ka sa na sallame shi."

Abin da aka koya mini a jami'a ya taso mini: ba a taɓa maganar farko, sai dai a ƙara bayani a ƙasa. Na ce masa, da duk ladabin da zan iya, ai ranar shi da kansa ya faɗa, kuma Yaya Hajo tana wurin.

"Na san abin da nic ce. Da safen nan ya zo bakin ƙofa da kaya bisa kai. Bai ce komi ba, ni ma ban ce komi ba. Sai na ɗaga mai hannu, haka." Ya saki hannuna ya ɗaga nasa daidai kafaɗa. "Shekarun ga duka ina cewa hannun nan na tahi ka ba ni wuri ne. Yanzu da ba ni ganin komi sai abin da yaw wuce, kullum ina kallon hannun, kuma ina ganin kamar sallama ce. Yaro ne, jinjirinai na tari. In ban sallame shi ran nan ba, to na sallame shi yanzu. Kar ɗiyanka su karanta su ce kakansu ƙarami magudanci ne."

Na ce to. A zuciyata na ɗauka aikin bai fi shan ruwa ba, tun da faifan na sake rubutawa ne.

Ranar Litinin na jira kowa ya watse, na sa faifan, na buɗe fayil ɗin, na nemo jimlar. Na goge gudu, na gyara ta ta koma: na sallami ƙanena Usman, ni kuma na tsaya cikin ruwa. Na danna wurin adanawa. Sai wani ɗan akwati ya fito da saƙo da Turanci, ma'anarsa wannan fayil na karantawa ne kawai, ba ya karɓar gyara. Na sake dannawa, ya sake fitowa. Na rufe, na buɗe, sai ga gudu a wurinsa kamar ban taɓa shi ba. Na cire faifan na goge shi da gefen riga, na karanta abin da aka rubuta a jikinsa ko an yi mini musaya, na ga shi ne dai. Washegari na yi wata dabara, na kwafo fayil ɗin daga faifai zuwa cikin kwamfuta, ina ganin a can ba shi da hujjar ƙi. Na gyara, na danna, akwatin nan ya sake fitowa da saƙonsa. A nan ne na fara tunanin ko na lalata wani abu ne, ko kuma idan na ci gaba da matsawa komai zai ɓace. Na kashe injin, na sa masa rigarsa, na hau kabu-kabu na tafi gida. Mahaifiyarku ta ce ranar ban san abin da na ci ba.

Asabar ta zo. Ko zama ban yi ba Baba ya ce:

"Ka gyara?"

"Ana kan hanya, Baba. Injin ne yake ɗan gardama."

"Mi yac ce?"

"Ya ce maganar ta karantawa ce kawai, ba ta gyarawa ba."

"Wa yab ba shi wannan iko? Magana tawa, ƙane nawa."

Inna ta leƙo ta tambayi abin da za a gyara, Baba ya ce tsakaninsa da ɗansa ne. Ina ambata wannan ne domin ku gane dalilin da ya sa ita ma ba ta iya zama mini shaida daga baya ba. Ta san ana maganar gyara, ba ta san na mene ne ba.

Kunyar tambaya ta riƙe ni wasu kwanaki, sannan na faɗa wa Lawal, ba tare da na nuna masa abin da ke ciki ba. Ya taɓa yin kwas na kwamfuta a Kaduna, kuma bai taɓa barin damar tsokanata ta wuce ba.

"Bakabe ke nan," in ji shi. "Da kifi ne da tuni ka san inda ƙayarsa take. Matsa in gani."

Ya bayyana mini cewa duk abin da aka ƙona a faifai yakan zama na karantawa kawai, ko da faifan na sake rubutawa ne, kuma idan aka kwafo shi zuwa kwamfuta yakan taho da wannan hali a jikinsa. Ya kama linzamin kwamfutar, ɗan abin nan da ake tura kibiya da shi, ya kai kan fayil ɗin da na kwafo, ya danna ɓangaren dama, ya buɗe shafin bayanansa. A ƙasa akwai wani ɗan akwati da 'yar alama a ciki. Ya danna, alamar ta ɓace.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Me kake so, a yanka rago?"

Na gyara jimlar, na adana, ta zauna. Na rufe na buɗe har sai da Lawal ya ce zan tsufar da injin gwamnati. Amma da na tambaye shi yadda zan cire tsohon fayil daga faifan in sa sabon a gurbinsa, sai ya girgiza kai. Ya ce da irin manhajar da ke kwamfutarmu ba a cire abu ɗaya a bar saura. Ko dai in ƙara sabon a gefen tsohon da wani suna, ko in goge faifan gaba ɗaya in sake ƙonawa. Daga baya na ji an ce akwai manhajar da ke iya cire ɗaya, ban tabbatar ba, mu dai ba mu da ita. Na zaɓi abin da ya fi kama da halina: na ƙara sabon a gefen tsohon. Na ga kamar na gamsar da kowa, Baba ya samu gyaransa, tarihi ya tsira da maganar farko.

Na je gida da saurina na ba shi labari. Ya saurara har na gama.

"Tsohuwar hwa?"

"Tana nan, Baba, amma sabuwar tana kusa da ita, kuma na rubuta cewa ita ce ta ƙarshe."

"To ai ba ka gyara ba. Ka dai aza magana bisa magana. Wanda yab buɗe zai ga na zagi ƙanena, sannan na zo ina lallashi." Ya murza gwiwarsa. "Ba a wanke shi duka, awa allo?"

"Ana yi. Amma idan aka wanke, maganarku ta farko ta tafi ke nan. Ba ta ko'ina."

"Abin da nike so ke nan tun farko, kai ne kake ta kewaye."

A motar komawa Birnin Kebbi na yi ta tunani. Ba zan ɓoye muku ba, na san hanya mai sauƙi: in sayi wani faifai in adana tsohon a ɓoye, in wanke wannan, in ce masa an gama. Ba zai taɓa sani ba, idonsa ma ba ya gani. Kuma na hango abin da zai faru idan ban yi haka ba, domin na san Yaya Hajo, na san za ta nemi jimlar nan da yatsa. Idan babu tsohon, babu yadda zan nuna cewa akwai farko akwai gyara, kuma Baba ne ya nema. Amma na kasa ganin yadda zan riƙe hannun makaho in kai shi masallaci alhali ina riƙe da abin da ya ce in saki. Ban ce na yanke shawara a ranar ba. Na dai ci gaba da jinkiri, ina cewa sai ranar da wuta ta tsaya sosai.

Baba ne ya yanke mini. An ba shi ranar ganin likita a Birnin Kebbi saboda kumburin ƙafa, na je na ɗauko shi. Da muka fito daga asibiti, wajen azahar, ya ce in kai shi ya ga injin da ke masa gardama. Ofis ba kowa, Lawal ya tafi taro. Na zaunar da shi a kujerata, na cire wa kwamfuta riga. Ya miƙa hannu ya shafa fuskarta, ya ce ashe talabijin ce. Na fara tabbatar da cewa gyararren yana cikin injin, na kuma ƙona shi a wani sabon faifai da na saya domin tsaro, shi kaɗai, na buɗe na duba. Sannan na share duk wani kwafi na tsohon da na taɓa yi lokacin da nake gwaje-gwaje, na bi shi har kwandon shara na zubar.

"Har kwandon shara gare shi?" in ji Baba. "Lalle ya hi wasu gidaje tsabta."

Saura faifan Inna. Na zaro shi daga rigarsa ta kaba, na sa, na kai kibiya kan wurin gogewa. Injin ya tambaya ko na tabbata. Hannuna yana kan linzami amma yatsana ya ƙi sauka. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, Baba dai ya ji shirun.

"Ina ake taɓawa?"

Na ɗauki hannunsa na ɗora a kan linzamin, na sa yatsansa a wurin. Hannun yana da sanyi, fatar ta yi laushi, ba kamar yadda na san shi ina yaro ba. Nawa yana bisa nasa. Ya ce bismillahi, ya danna. Faifan ya fara juyawa da 'yar ƙara. Ana cikin haka fankar sama ta rage gudu kamar wuta za ta tafi, sai kuma ta farfaɗo. Da aka gama na ƙona gyararren a ciki, na buɗe shi daga faifan, na nemo wurin na karanta masa: na sallami ƙanena Usman, ni kuma na tsaya cikin ruwa.

"Sake."

Na sake.

"To gwada canza shi in ji."

Na ƙara harafi ɗaya na danna adanawa. Akwatin nan ya fito. Na ce masa ya ƙi, ya ce na karantawa ne kawai. Baba ya jingina da kujera yana murmushi.

"Yanzu ya yi daidai da yaƙ ƙi. Bar shi haka."

Bai ga damina ta gaba ba. Kafin rasuwarsa na buga rubutun a takarda na karanta masa wasu wurare, amma bai sake tambayar shekarar ruwa ba. A kwanakin zaman makoki Yaya Hajo ta karɓi takardun ta shiga ɗaki da su. Ba a daɗe ba ta aiko a kira ni.

"Wannan ba maganar Baba ba ce."

"Tasa ce, Yaya. Shi ya ce in gyara."

"Yaushe? Gaban wa? Ina zaune yaf faɗa, ni nic ce ka danna biro. Ina ta farkon?"

"An goge."

"An goge." Ta ajiye takardun a kan gado. "Kai ba ka shiga ruwan nan ba, Sa'idu. Ni na shiga. Ba ka son a ɓata wa kowa rai, shi ya sa ka wanke mutumin da yab bar mu."

Har Allah ya karɓi ranta ba ta sauka daga wannan ba. Ba mu yi gaba ba, ta yi muku wanka kuna jarirai, ta riƙe ku kamar nata, amma wannan magana ta zauna a tsakaninmu, kuma 'ya'yanta sun gaje ta. Ba na ganin laifinta, ku ma kada ku gani. Abin da ta ji da kunnenta gaskiya ne. Abin da na ji da nawa ma gaskiya ne, sai dai ni kaɗai na ji.

Baffa Usman ya zauna har aka tashi makoki. Ba ya yawan magana, yana can gefen tabarma da carbinsa. Da safen da zai koma Ambursa na raka shi, muka tsaya a ƙarƙashin darbejiya yana gyara hularsa. Ya ce ya ji an ce yayansa ya bar magana a inji. Na ce haka ne. Ya dubi ƙasa.

"Ya ambace ni?"

Na koma ciki na ɗauko takardun, na karanta masa shekarar ruwa tun daga cikar gulbi. Da na zo jimlar na rage murya ba da niyya ba. Ya ce in maimaita, kamar yadda yayansa ya ce.

"Ni dai na san gudu niy yi," in ji shi. "Ruwa ya kai ƙirji, yaro na tari, tsoro ya kama ni. Amma da na tsaya bakin ƙofa ya ɗaga mini hannu." Ya ɗaga nasa daidai kafaɗa. "Shekarun ga duka ban san mi hannun nan ke nuhi ba, kuma ban iya tambaya ba."

Maganar hannu ba ta cikin rubutun, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ita ba. Na so in kira Yaya Hajo ta ji, amma na ga ba lokacin neman shaida ba ne. Baffa ya share fuskarsa da hannun riga, ya ɗauki 'yar jakarsa.

"Tun da Yaya ya ce sallama ce, na karɓa. Bari in tahi, Sa'idu, rana na yi."

Na riƙe masa jakar har bakin titi.

Faifan yana cikin akwatina na ƙarfe, a rigar da Inna ta ɗinka masa. Ban sani ba ko har yanzu akwai injin da zai buɗe shi, an ce irinsu suna lalacewa da tsufa, shi ya sa na bar muku kwafi a takarda. Idan kun same shi ya buɗu, kuka ga ya ce na karantawa ne kawai, ba lalacewa ya yi ba. Kakanku ya ji saƙon da kunnensa, ya ce a bar shi haka.